Saura Kaset Ɗaya, Abdulmutallib

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, ina gona a Maska muna karyar masara, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hussaini ne, ƙanenka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce, "Baba, Allah ya yi wa Malam Abdulmutallib rasuwa ɗazu a asibiti." Na zauna a kan kunya ina faɗin na Allah ne mu kuma gare Shi za mu koma, ina maimaitawa, sannan na tashi na kama hanya. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka a Funtua. A lissafina kai ne za ka tsaya a kan kabarina, amma ba da shawararmu aka jera layin ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ɗan aminina ne, marigayi Malam Isah, wanda muka yi aikin awon auduga tare tun muna da baƙin gashi. Ka koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua, da kwamfuta ta shigo makarantu kuma aka ɗora maka ita. A zauren gidanka akwai wani ɗaki da Hajiya Shafa'atu, mai ɗakinka, take kira maƙabarta, domin duk kwamfutar da wani ofis ya yanke wa ƙauna can ake kai ta. Kai kuma sai ka buɗe cikinta, ka kaɗe ƙura, ka zuba mata abin da ka sani, ta tashi. Daga nan ta tafi wata Islamiyya a Bakori, ko hannun wata marainiya da ke shirin jarrabawa. Ban taɓa jin ka gaya wa kowa inda suka tafi ba. Daga bakin waɗanda suka karɓa na ji, yawancinsu ma a zaman makokinka.

Ka taɓa zaunar da ni ka yi mini bayanin abin da kake zuba musu, da irin haƙurin da ake yi da ɗalibin da ya maimaita aji. Ka ce kwamfuta gangar jiki ce kawai, akwai babbar manhaja da ke tafiyar da ita, taka kuma sunanta Linux, ba a sayen ta, mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta don raɗin kansu. Ka ce gida-gida ce. Wani gidan, da zarar an ƙera sabon abu zai turo maka, ko da bai gama hucewa ba. Wani gidan kuma sai ya tara, ya gwada, ya sake gwadawa, ya riƙe ka a kan tsohon kaya kusan shekara biyu, illa dai idan an gano ɓarakar da ɓarawo zai iya bi, nan da nan sai ya aiko da faci. Na ce ashe masu sayar da iri ne. Akwai mai kawo sabon irin masara duk damina, akwai mai cewa bari ya fara shuka shi a gefen gonarsa ya gani. Ka yi dariya ka ce da na zo ajinka da na ci maki.

Kai ɗan gidan masu jinkiri ne, kuma ka fi gidan naku jinkiri. Faci kam ba ka wasa da shi, ranar da ya iso ranar kake liƙawa. Amma babban sauyi yana da lokacinsa a wurinka. Ba ka taɓa kwamfutar makaranta ana tsakiyar jarrabawa. Ba ka taɓa ta 'yan kasuwar hatsi da kaka, lokacin da motoci ke layi. Sai an gama, an share masussuka, sannan ka ce to a kawo.

Babbar mai adawa da kai a gidanka ka haife ta. Aisha Humaira, 'yarka ta fari, wadda nake kira amarya tun tana rarrafe, ta je Zariya ta karanto kwamfuta ta dawo 'yar gidan masu sauri. Na sha zama a zaure ina shan shayi ina kallon ku.

"Abba, wannan manhajar fa an yi mata sabuwa har sau uku. Kai kana nan a ta zamanin Kaka."

Na ce, "Amarya, ki bar zamanina ya huta. A zamanina ba a ce mini in jira abu ya gama lodi ba."

Kai kuwa sai ka ce, "Humaira, tana aiki ko ba ta aiki?"

"Tana aiki, Abba. Jakin Kaka ma yana aiki."

Kuma gaskiya, don ba na son in yi maka ado da abin da ba naka ba, ba kullum kake cin nasara ba. Shekarar da aka kawo wa makarantarku sabuwar firinta, kwamfutocinka suka ƙi gane ta, domin kayan cikinsu sun girme ta. Ta zauna a kwali malamai suna harararka, har Humaira ta zo hutu ta haɗa ta da tata kwamfutar, takarda ta fito. Kai da kanka ka ba ni labarin, kana dariya har da hawaye, ka ce yau ɗiya ta kayar da uba a gaban shugaban makaranta. Ban taɓa ganin mutumin da aka kayar yana alfahari irin naka ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na fi sabawa da baki.

Mahaifiyata, Inna Amatullah, 'yar Mahuta ce, kuma a kan cinyarta na koyi cewa magana tana da hawa da sauka. Tatsuniya, labarin kafuwar unguwanni, wa ya haƙa wace rijiya, wa ya auri wa a shekarar fari, duk suna kanta. Da na dawo daga aikin Hajji a farkon shekarun tamanin na zo da rikoda. Duk lokacin ɓarar gyaɗa sai in ajiye ta kusa da tabarmar Inna in danna. Har Allah ya karɓi abarsa na cika wani akwatin ƙarfe da kaset. Na tura shi ƙarƙashin gado, shekaru suka bi ta kansa. Ranar da kewa ta ishe ni na ɗauko ɗaya na saka, Inna ta fara magana ke nan rikoda ta cinye zaren. Zafin kwano ya sa duk sun manne. Na gane cewa kowane kaset sau ɗaya ya rage masa ya yi magana, idan ma ya yarda.

Haka na ɗauko akwatin a bayan babur na kawo maka. Ka duba, ka ce, "Baba, za a iya, amma ba da gaggawa ba."

Kana da wani ɗan baƙin akwati, bai fi tafin hannu ba, mai karɓar murya daga rikoda ya miƙa wa kwamfuta. Kowane kaset sai ka kwance shi, ka raba zaren a hankali, ka liƙe inda ya tsinke, ka naɗe da biro. Sannan sai ranar Asabar, idan na samu shigowa Funtua kuma an samu wuta, mu zauna. Ka ƙi yarda a juya ko ɗaya ba na nan, wai ni kaɗai na san mutanen da take ambata. Kuma kaset ba a yi masa hanzari, yadda Inna ta yi maganarta haka za a zauna a saurare ta. Da damina ina gona, da azumi mu dakata. Aikin ya ci shekaru.

Ana cikin haka gidanku na masu jinkiri ya fitar da sabon zubi. Ka gwada shi a wata kwamfutar, ka tarar ba ya gane ɗan baƙin akwatin. Bawan Allahn da ke kula da wannan ɓangaren a can wata ƙasa ya ajiye aikin, ba a samu wanda ya ɗauka ba, sai aka cire ɓangaren daga sabon zubin. Ba ka zage shi ba. Ka ce mutumin da ya yi maka aiki kyauta shekara da shekaru, ranar da ya gaji godiya ce hakkinsa. Humaira ta sayo wani sabon akwatin, muka gwada da wani kaset na wa'azi, sai ga wani gunji a ƙarƙashin muryar kamar injin niƙa. Ka ce muryar Inna siririya ce, wannan zai haɗiye ta, kuma ba mu da damar gwaji biyu.

Saboda haka ka bar kwamfutar zaure a kan tsohon zubi. Lokaci ya yi da gidan ya daina aiko mata ko da faci. Humaira ta same ka, wannan karon ba da wasa ba, ta ce kwamfuta mara faci ƙofa ce a buɗe, wata rana wani abu zai shigo ya kulle duk abin da kuka tara. Ka ce ta yi gaskiya. Ka sunkuya ka zare wa kwamfutar igiyar intanet, ka naɗe ka miƙa wa Humaira, ka ce ta ajiye. "Ranar da Inna ta gama magana, ki dawo da ita, ki zuba duk sabon da kike so." Kai da ba ka kwana da faci a hannu, ka zauna da tsohuwar kwamfuta a tsakiyar zaurenka, ɗalibanka suna shigowa suna ganin ta suna ƙunshe dariya, saboda tsohuwar da ba ka taɓa gani ba.

Asabar ɗin ƙarshe da muka zauna ka ɗaga akwatin ƙarfen ka nuna mini gindinsa. Ka ce, "Baba, saura ɗaya." Na ce masara ta nuna, a bari in karya tukuna. Ka ce ai kai ma ba ka taɓa komai da kaka.

Bayan an tashi daga zaman makoki Humaira ta kira ni. Na shiga zauren na tarar ka riga ka gyara kaset ɗin, ka liƙe shi, ka saka shi a rikoda, dannawa kawai ya rage. Muka zauna ni da ita, Hajiya Shafa'atu tana daga bakin ƙofa. Inna ta ba da labarin wata kurciya da ta ƙi shan ruwan kowace rijiya sai ta garinsu, ana jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta. Da ta kai ƙarshe sai ta juyo kaina, da muryar nan tata ta faɗa.

"Kai Bature, kashe abin nan haka nan, kana ƙona batir a banza. Wa zai zauna ya saurari surutun tsohuwa bayan ƙasa ta rufe ta?" Aka ji ni ina cewa za a samu. Ta ce, "To, in har akwai mai wannan haƙurin, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan iyayensa, ya sa ya kwanta cikin sanyi."

Rikoda ta yi ƙas ta tsaya. Duk duniya, ban da ni da aka haifa a ɗakinta, mutum ɗaya ne ya zauna ya saurari Inna tun daga kaset na farko, kuma wannan kaset ɗaya ne kawai bai ji ba.

Humaira ta kwafe muryoyin a wurare daban-daban, ta sa mini nawa a waya. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro igiyar, a naɗe yadda ka ba ta. Ta jona, ta nuna mini maɓalli ta ce, "Kaka, kai za ka danna." Na danna. Kwamfutar ta daɗe tana haɗiyar abin da ta yi shekaru ba ta ci ba, sannan ta tashi fes, komai sabo, har ta fi da sauri, kamar yadda Humaira ta sha faɗa. Ta jona ɗan baƙin akwatin, kwamfutar ba ta san shi ba, kamar yadda ka faɗa. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na ce, "Amarya, yau kam kun yi canjaras."

Abdulmutallib, na gode. Jikokina yanzu sun san muryar da ta raine ni, har suna kwaikwayon yadda take kiran sunana. Ina kuma gode wa bawan Allahn nan na wata ƙasa, wanda ban san sunansa ba, domin kai ka koya mini gode masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Shafa'atu, da Aisha Humaira da ƙannenta, da Hussaini da sauran zuriyar Malam Isah, da malamai da ɗaliban makarantarku, da duk gidan da wata tsohuwar kwamfuta ta shiga daga zaurenka. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda marigayin ya saba tsayawa. Allah ya gafarta maka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da mahaifinka a Aljanna Firdausi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Sauran addu'ar kuwa Inna ta riga ni yi maka, tun kana ɗan makaranta ba ka san ana yi ba. Ni nawa amin ne. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan iyayenka, ya sa ka kwanta cikin sanyi.

Alhaji Bature Maska