Takardar da na sa a leda

Har yau idan na wuce shagon kwamfutar nan na unguwar Lokuwa sai na kau da kai, don ina jin idan na tsaya sai na faɗi abin da bai dace da furfurata ba.

'Yata ta fari ta so karatun injiniya, ni kuma malamin firamare ne, albashina bai kai ko bakin ƙofar irin waɗannan makarantu ba. Wata uku muka yi muna nema a wayata. Wannan makaranta tsada, waccan ta ce tana da tallafi, ka karanta ƙasa ka ga rangwamen kuɗin littafi kawai ake nufi. Da ƙyar muka samu wata jami'a a kudu da ke ɗauke wa ɗalibi komai idan sakamakonsa ya kai. Nata ya kai, har ya wuce. Ta rubuta jarabawarsu, sunanta ya fito, aka ce mu kawo takardun asali Yola a tantance.

Mu mutanen Mubi, tun shekarar da muka gudu muka bar gidajenmu, muka dawo muka tarar ruwa da gara sun cinye takardu, ba ma barin takarda tsirara. Komai sai an kai shi an liƙe da leda, lamineshin. Ranar da takardar sakamakonta ta sakandare ta iso, ban ko zauna ba na hau keke napep na kai aka liƙe. Ta ce in dakata tukuna, na ce yaushe aka haife ta da za ta koya mini adana takarda.

A Yola jami'in tantancewa ya juya takardar sau ɗaya ya turo mana ita da ɗan yatsa. Wai ba sa karɓar wadda aka liƙe, don sai sun taɓa ta sun buga hatimi a bayanta. Na ce sakamakon yana cikin kwamfutar da ke gabansa, ya duba mana. Ya ce doka ce. Na tambaye shi ina aka rubuta, ya nuna mini wani layi mai ƙananan haruffa a shafin ƙarshe na ƙa'idojinsu wanda ko mai idon mikiya sai ya sa tabarau. Ya ba mu zuwa Juma'a, in ba haka ba a kira na bayanta. Sabuwar takarda kuwa sai an yi watanni. Na fito cike da haushi, a kan leda za a hana yarinya karatu.

Da muka dawo muka wuce shagon da aka liƙe ta kai tsaye. Mai shagon ya yi dariya ya ce:

"Malam, wannan ba matsala ba ne. Kullum muna cire shi. Ka ba ni minti biyar, takarda zai fita lafiya."

'Yata ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Baba, mu koma mu roƙe su dai."

Na ce ni ba zan sake roƙon wannan mutumin ba. Girman kai ne, na sani, kuma a lokacin ma na sani.

Mai shagon ya yanke gefen ledar da reza, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora dutsen guga. Da ya ɗaga ledar sai ta taso da fuskar takardar gaba ɗaya. Sunanta, hotonta, darussan da makinsu, duk suka bi leda, aka bar mana farar takarda mai gashi-gashi. Ya ce wai irin takardun yanzu ne ba su da ƙwari. Na ɗaga hannu, mutane suka riƙe ni.

Duk da haka ranar Juma'a muka koma Yola da guntayen a ambulan. Jami'in bai ko buɗe sosai ba. Muna tsaye aka kira wani yaro, ya shiga da mahaifinsa.

A mota na yi ta jiran ta yi kuka ko ta gaya mini magana, da na samu sauƙi. Sai da muka kusa gida ta juyo ta ce kar in gaya wa mamarta yadda aka yi, ita za ta ce makinta ne bai kai ba.