Yadda Kwamanda Ya Ji Rauni a Yaƙi

Kafin yaƙi ba mai kiransa Kwamanda. Mai gyaran rediyo ne kawai, a wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai gawayi, kuma duk unguwa an shaide shi da iya bakinsa. Tsawon mulkin Janar, wanda ya danne ƙasar kamar gonar ubansa, ko tari zai yi sai ya leƙa waje. Hoton Janar na rataye bisa teburinsa, kullum safiya sai ya goge shi da hannun riga. In wani ya kawo gyara ya fara gunagunin mutanen da ake ɗaukewa ba a sake ganinsu, sai ya ce shi waya da dalma kawai ya sani.

Da sojojin 'yanci suka taso daga kan iyaka, ɗan ƙanwarsa, direban tifa, ya ajiye makulli ya bi su. Mai gyaran ya je har gida ya wanke ƙanwar tas, ya ce tana so ta ja wa dangi masifa. Amma fa yana sauraron tasharsu a ɓoye, ya cusa kai da rediyon cikin kwali. Duk garin da suka ci, sai jarumtarsa ta ɗan ƙaru. Da suka karɓe gadar babban kogi, ya mayar da hoton bayan ƙofa. Da aka tabbatar Janar ya tsere a jirgi, ya fito da hoton ya tattake, bayan ya zare gilashin a hankali, tun da gilashi bai zalunci kowa ba.

Ranar gari ya cika ya batse. An buɗe kurkuku, tsofaffi na kuka suna shafa fuskar sojoji, shi ma ya yi hawaye, kuma na gaske ne. Ya ruga dandali inda ake jan mutum-mutumin Janar da igiya, ya tarar an riga an kayar. Don kada ya tashi a banza, ya haye ƙirjin ƙarfen yana kaɗa tuta, santsi ya kwashe shi, ya yi targaɗe. A baron mai gawayi aka kai shi gida.

Matarsa ta dube shi ta ce, “Maigida, da wa aka yi?”

Ya ce, “Ke dai kawo ruwan zafi. Ba ki san yaƙi ba.”

Nan sunan ya samo asali. Targaɗen ya warke, ɗingishin ya zauna, musamman in akwai baƙo a shago. Mai faci ya rantse wani lokaci ƙafar ma sauyawa take yi.

Bayan an sallami mayaƙa, ɗan ƙanwar ya dawo a rame, kunne ɗaya ya mutu, ya zo gaishe shi. Kwamanda ya zaunar da shi a benci, ya jera batura a tebur, ya gitta sukundireba a matsayin gada, ya shiga koya masa yadda aka ci yaƙin.

Direban ya ce a hankali, “Kawu, ta ƙarƙashi muka bi, cikin ruwa.”

“Kai gabanka kawai ka gani. Ni duk fagen nake ji.”

Direban ya yi murmushi, ya gyara zama, ya juya masa mataccen kunnen, ya bar shi ya kai har babban birni.

Kwamanda yana nan har yanzu a shagon, ya yi furfura. Kowane hantsi yakan fito da kujera bakin titi ya zagi sabuwar gwamnati da ƙarfi, ya ce ba don wannan suka zubar da jininsu ba. 'Yan sanda kan wuce su ɗaga masa hannu. Ba wanda ya taɓa zuwa kama shi, kuma abin yana ɗan ɓata masa rai.