Malamin da Ya Sa Na Ji Zane da Kunnena

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha tara ga watan Nuwamba, ina ofis ina shirin shiga aji, wayata ta karanto min sunan mai kira: Mama, matar malamina. Ban taɓa jin muryarta a sanyaye haka ba. Ta ce, "'Yata, sai haƙuri. Babanku ya cika." Malamin lissafi da kwamfuta na jami'ar da na yi karatu, wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Ɗigo, ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An yi masa sutura a ranar.

Malam, abokan aikinka za su yi bayanin bincikenka, sun fi ni sanin darajarsa. Ni abu guda zan ba da shaida a kai, kuma babu wanda ya fi ni saninsa, domin a kaina ya faru.

Ni makauniya ce. Na rasa ganina tun ina ƙarama, amma lissafi bai taɓa gagarata ba. Da rubutun makafi, da manhajar da ke karanta min abin da ke kan allon kwamfuta, na kai shekara ta uku a sashen lissafi ba tare da na faɗi ko darasi ɗaya ba. Sai muka zo kan darasinka, wanda dole ne ga kowa, kuma rabin makinsa a kan zane yake: ɗalibi ya rubuta wa kwamfuta umarni da harshen lissafinta, ta fitar masa da zanen a allo, shi kuma ya duba ya yi bayanin abin da ya gani.

Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne, da tausayi ya yi min magana. Ya ce ba shi da ikon ɗauke min darasin, kuma bai ga yadda za a jarraba ni a kan abin da ba zan gani ba. Shawararsa ita ce in koma wani sashen tun da sauran lokaci. Ina zaune na riƙe sandata da hannu biyu. Kai kuwa makullin ɗakin kwamfuta ka shigo karɓa, ko sanina ba ka yi ba. Na ji ƙarar makullan ta tsaya cik a hannunka.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, an gwada ta ne ta kasa?"

Ya ce ba a gwada ba.

Ka ce, "To a ba ni ita zangon nan. In ta kasa, ni zan fara zuwa in faɗa maka."

Har yau ina jin ɗakin kwamfutar nan a jikina: fankar da ke kuka kamar za ta faɗo, ɗumin da ke fitowa daga bayan na'urori, da kujerar kusa da taga mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda ka tokare da naɗaɗɗen kwali ka ce tawa ce. Ka gargaɗi masu shara kada su ƙara sauya wa kujerun wuri, ka kuma hana ajiye kekuna a barandar da nake bi. Ba ka taɓa gaya min kai ka yi ba, daga bakin mai gadi na ji.

Darasin da ya zame mana fagen gwaji shi ne zana ƙa'ida mai gaɓa-gaɓa. Ga wanda bai yi lissafi ba, ƙa'ida a nan doka ce da za ka miƙa mata lamba ta mayar maka da wata lambar. Mai gaɓa-gaɓa kuwa ita ce wadda dokarta ke canzawa a hanya. Wadda ka ba mu gaɓa uku gare ta. Idan lamba ba ta kai sifiri ba, amsarta sifiri ce. Daga sifiri har zuwa biyu, a ninka lambar da kanta. Idan ta wuce biyu, a cire ta daga goma. Wato zanen zai kwanta a ƙasa, ya lanƙwasa ya hau zuwa huɗu, sannan ya yi tsalle zuwa takwas ya fara gangarowa.

Kullum kana cewa kwamfuta ba ta san layi ba, ɗigo ta sani. Ka ba ta ɗigo ɗari, ta lissafa kowanne, sannan ta bi su tana haɗawa. Daga nan sunanka ya samo asali, kuma ka san da sunan, har kana amsawa.

A ranar ka tsaya gaban aji ka ce tun da akwai wadda ba za ta ga allo ba, za ka rera zanen da bakinka. Allah Ya ji ƙanka Malam, an ba ka ilimi amma ba a ba ka murya ba. Ka fara da gurnani, ka hau sama har muryarka ta karye, ajin ya kece da dariya, kai ma ka taya su. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin a cikin wannan gurnanin na ji siffar abin sarai. Da aka tashi ka tambaye ni me na ji, na zana maka shi da yatsa a kan tebur. Sai ka ce, "Ashe aikin mai yiwuwa ne."

Bayan haka ka zo min da kwalaye, ka manna zare a kai da gam, ina bi da yatsa. Inda gaɓa ta mallaki ɗigon ƙarshe ka sa maɓalli, inda ba ta mallaka ba ka huda rami. Daga baya Mama ta ba ni labarin yadda zarenta da maɓallanta suka riƙa ɓacewa daga gwangwanin ɗinki, har ta fara zargin yaran gidan. Amma kwali ba ya isa, domin ba za ka iya manna min kowane zane ba, kuma ba ka so in dogara da hannun kowa, har da naka. Sai ka zauna ka rubuta wani ɗan gajeren umarni da ke mayar da lambobi sauti. Lamba ta yi sama, sauti ya yi siriri. Ta yi ƙasa, ya yi kauri.

Ranar da na fara rubuta nawa umarnin na saurara, na ji sautin ya kwanta, ya hau yadda ya kamata, sai kuma ya faɗi ƙasa tim na ɗan ƙiftawa, kafin ya koma can sama. Na ce maka na'urar sautin ta lalace. Ka ce lafiyarta lau. Na roƙe ka ka duba allon ka gaya min abin da ke nan.

Ka ce, "Na gani. Ba zan faɗa ba. Kunnenki ya riga ya gaya miki, ki je ki tambayi abin da kika rubuta."

Na ji haushinka ƙwarai a ranar. Na sa manhajar ta yi ta maimaita min layukan har kaina ya yi nauyi, sai can na kama shi. Na gaya wa kwamfuta abin da za ta yi da lambobin da ba su kai biyu ba, na gaya mata na waɗanda suka wuce biyu, amma biyu ɗin ita kanta ban ba ta gida ba. Da kwamfutar ta iso kanta ta rasa doka, sai ta bar ta a sifiri. Na gyara da alama guda. Ka ce saura ɗaya: kwamfutar ta ja layi daga huɗu zuwa takwas, alhali babu wata lamba da amsarta ke tsakanin nan. Layin ƙarya ne. Na raba gaɓoɓin na zana kowace ita kaɗai, na saurara, na ji ɗan shiru a wurin tsallen. Ka ce, "Ba laifi." Duk wanda ya zauna a ajinka ya san yabonka bai taɓa wuce nan ba.

Kuma ba ka taɓa sassauta min ba. Akwai aikin da ka rage min maki saboda ban sa wa zanen suna ba, ban kuma rubuta abin da kowane gefe ke nunawa ba. Da na yi ƙorafi cewa ni ba na buƙatarsu, ka ce, "Masu ido ma suna da haƙƙi a kanki. Ki tausaya musu." Wannan ragin makin ya fi min duk wani tausayi da aka taɓa nuna min.

A ƙarshen zango ka nemi shugaban sashe ya zo da kansa ya zaɓi tambaya. Ya kawo ƙa'ida mai gaɓa huɗu wadda ni da kai ba mu taɓa gani ba. Na rubuta, na saurara, na gyara, sannan na faɗa masa inda zanen ya hau, inda ya miƙe, inda ya yanke, da gaɓar da ta mallaki kowane ɗigon iyaka. Ya duba allon, ya tarar haka yake. Daga nan ya ce ya janye shawararsa, kuma yana so a sa umarnin sautin nan a kowace kwamfuta da ke ɗakin. Na kammala digirina a sashen lissafi. Yau ni ma malama ce, kuma wannan darasin nake koyarwa, ga ɗalibai masu ido.

Haɗuwata da kai ta ƙarshe a asibiti ce, ana yi maka wankin ƙoda. Hannunka ya rame, amma muryar tana nan da ikonta. Ba ka bar ni na gama tambayar jiki ba. Ka ce akwai wani malamin lissafi na sakandare, magidanci, da ciwon suga ya cinye wa ido, makarantarsu na shirin sallamarsa, kuma ka fara koya masa aiki da sauti duk ranar Litinin.

Ka ce, "Yanzu ba na iya zuwa. Ke za ki je."

Ba roƙona ka yi ba, aiki ka ba ni, kuma na karɓa. Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwarka na je gidansa ina tunanin gaisuwa kawai za mu yi wa juna mu rabu. Muka yi maka addu'a. Sai na ji ya jawo kwamfutar gabansa. Ya ce, "Malama, mu buɗe. Da Malam yana nan da bai yarda mu tashi haka ba." Muka buɗe. Ina tabbatar maka mutumin nan zai koma ajinsa da izinin Allah, ba zan sake shi ba sai ya koma.

Mama, ina miƙa miki ta'aziyyata, ke da 'yan uwana 'ya'yan Malam, da jikokinsa, da abokan aikinsa, da ɗalibansa duk inda suke. Kun buɗe min gidanku, kun ba ni aron lokacin da naku ne, ba ku taɓa nuna min gajiya ba. Allah Ya saka muku, Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi.

Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bari ya ci gaba da kai masa lada muddin akwai mai amfani da shi. Ka albarkaci zuriyarsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.