Ba Kayan Araharka Ne Suka Kashe Ka Ba

Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, mota ta faɗo wa ƙanena a garejin da yake aiki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ce yayarsa, ni na goye shi, kuma ni aka kira na je na tarar da shi a miƙe da baƙin mai a hannuwansa. Na karɓi ƙaddara, ba ni da ja da hukuncin Ubangiji. Abin da ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba har in bi shi, shi ne maganar da aka fara yaɗawa tun kafin a binne shi: wai kayan aikinsa na araha ne suka kashe shi, wai rowa ce ta kai shi kabari. Ya bar yara, kuma yaran suna da kunne. Saboda haka na ɗauki alƙalami, ni da ɗinki na sani ba rubutu ba.

Ƙanena, gaskiya ne kantin araha gidanka ne na biyu. Masu kantin sun san takunka, har kujera suke ba ka. Amma waɗanda suke yi maka dariya ba su taɓa tsayawa sun ga yadda kake sayayyar ba. Duk abin da za ka saya sai ka ɗauki guda biyu, shi ya sa aka laƙaba maka Bibbiyu har sunanka na gaskiya ya ɓace. Ɗaya na aiki ne, ɗayan kuma na azaba. Sifana sabuwa fil za ka zura wa bututu, ka kama notin da tsatsa ta cinye, ka rataya a kai da dukan nauyinka har sai ita ta karye ko kai ka gaji. In ta jure, ka shafa wa ita da 'yar'uwarta rawayan fenti a mariƙi. In ta lanƙwashe, ka wurga ta a tsohon duro a bayan gida, sannan ka bi kowa kana gargaɗi kamar wanda aka biya.

Ban manta ranar da ka kawo mini almakashi ba. Ina murna, sai na ga ka zaro na biyun ka hau yankan waya da shi a gabana. Na ce maka mahaukaci, na ce kuɗi ne suka yi maka yawa. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, gara ya mutu a hannuna da ya ci amanarki a tsakiyar yadin mutane." Da almakashin nan na yanka kayan sunan 'ya'yanka duka, kuma har yau bai dakushe ba.

Haka ka yi wa maƙwabcinka lokacin da aka sallame shi daga aiki ya rasa na yi. Ka ja shi kantin, ka zaɓar masa filaya da guduma da tef na awo da tocila, ka hana shi wata sikundireba mai ƙyalli da ya ƙwallafa wa rai, ka ce kanta taushi gare shi. Yau da waɗannan kaya yake gyaran famfo yana ciyar da gidansa. Ka sha faɗa cewa guduma guduma ce, ba ta san nawa aka saye ta ba.

Amma akwai inda ka ja layi, kuma duk wanda ya taɓa zama da kai ya ji shi har ya gundure shi. Abin da zai ɗauki nauyin mutum, ko mutum zai shiga ƙarƙashinsa, ko yake juyawa da gudu kusa da fuska, ba a neman sauƙinsa. Tsani, faifan yankan ƙarfe, jak na ɗaga mota, da ƙarafan da ake tokare ta da su: waɗannan ko kyauta aka ba ka na araha ba ka karɓa. Jak ɗinka mai tsada ne, ka daɗe kana tara masa, har matarka ta kawo mini ƙararka cewa rufin ɗaki yana yoyo kai kana zancen jak.

Yanzu bari in juya kan mai garejin, don na san za a karanta masa. Mutumin nan yana da jar durowa a ofishinsa cike da kayan aiki masu tsada, a kulle, ana goge musu ƙura don masu manyan motoci su gani. Ba bakaniken da ya taɓa taɓa su. Amma jak ɗin da rayukan mutane ke kwana a ƙarƙashinsa, shi ne ya je ya tsinto mafi arha a kasuwa. Ka yi masa magana ba sau ɗaya ba, ya ce kai ne za ka koya masa sana'a?

Ranar da abin ya faru, ya ɗauki jak ɗinka da matokaranka ba tare da ya tambaye ka ba, ya ba direban wani babban mutum da motarsu ta lalace a hanya. Aka kawo wata mota ana gaggawa, ka ce ba ka shiga sai an dawo da kayanka. Sai ya ɗaga motar da jak ɗinsa na araha, ya tura wani tsohon bakanike mai ciwon gwiwa ƙarƙashinta, wanda ba ya iya ce masa a'a. Tsohon da kansa ya gaya mini yana kuka, ya ce ka durƙusa ka ce, "Baba, fito. In ta motsa na fi ka saurin zamewa." Ba ka zame ba. Ƙanena, ina jin haushinka a kan wannan, wallahi ina ji. Ka karya dokarka da kanka saboda tausayi, ka bar mu da marayu.

Jak ɗin da ya sulale ba shi da ɗigon rawayan fenti. Duk wanda ke wurin ya gani. Kafin yamma mai garejin ya jefa shi a bayan motarsa, kashegari kuma ya zo zaman makoki da farin kaya yana girgiza kai, yana cewa, "Mun sha yi masa faɗa a kan kayan nan nasa na araha." Abokan aikinka da kuka ci a kwano ɗaya suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa. Ku ma ban manta da ku ba. Sifanar da ke aljihunku shi ya zaɓar muku, amma bakinku ya mutu saboda tsoron sallama.

Magana ta zaga har ta isa makaranta. Babbar 'yarka ta dawo da jajayen idanu ta ce, "Gwaggo, wai da gaske rowa ce ta kashe Baba?" Na ce ƙarya ne. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa babba in ana zaton lallashi yake yi.

Allah ba ya barci. Kanikawan da suka kasa buɗe baki sun kuma kasa shiga ƙarƙashin mota. Kowa ya ce bayansa na ciwo, aiki ya tsaya cik, masu motoci suka fara kwashe motocinsu. Sai ga mai garejin jiya a ƙofar gidanka, yana sallama da ƙaramar murya. Wai ya zo ne a sayar masa da akwatin kayanka da jak ɗin, don yaransa sun ce da naka kaɗai suka yarda. Kayan da ya ce su suka kashe ka, su ya zo roƙo, ko kunya babu.

Matarka ta ce daga bayan labule, "Yaya, ke za ki ba shi amsa." Na ce masa kayan ba na sayarwa ba ne, amma za a ba kanikawan aro don kada wata ta zama gwauruwa, domin haka za ka yi da kana raye. Sharaɗi ɗaya ne. Na kira 'yarka ta tsaya a gabansa, na ce ya gaya mata jak ɗin wa ya faɗi. Ya dubi ƙasa, ya dubi bango, ya share gumi, ya fara zancen ƙaddara. Na ce ban tambaye shi ƙaddara ba. Da ƙyar ya ce, "Nawa ne." Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To me Babana ya yi maka da ka ce nasa ne?" Ya juya ya fita.

Ban yafe masa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Shari'arsa da kai tana gaban Wanda ba a ɓoye wa komai a bayan mota.

Kai kuwa ƙanena, Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka, ya karɓi ran da ka sa a madadin na wani, ya yalwata maka makwanci. Ina yi wa matarka ta'aziyya, Allah ya ba ta haƙuri ya tsaya mata. Ina yi wa tsohon da ka fitar jaje, Allah ya sanyaya masa zuciya, ba laifinsa ba ne. Ku kuma 'ya'yana, Allah ya raya ku da albarka. Gobe ku tafi makaranta da kanku a sama, duk wanda ya sake buɗe baki a kan ubanku ku turo mini shi.