Shekarar da agwagi suka sauya masauki

Jiya da sassafe ina hura wuta na ji fito a sama, siriri, irin na kirinjijiya, agwagin dajin nan masu farar fuska. Na ɗaga kai ban gan su ba, amma sai ga ni ina yarinya a bakin mayo, wato rafin garinmu, da tulu a ka.

A gidanmu kaka ce ke duban tsuntsaye. Daga Borno suka zo Mubi ita da babana, shi yana noman albasa a lambu. Da sanyi ya shigo sai ta ce a je a duba mata kududdufin da ke ƙasan lambun. In agwagi da zalɓe sun sauka, ruwa zai kai mu bazara, a dasa albasa. In ba su zo ba, ƙasa ta sha ruwanta. Idonta ya yi rauni, don haka ni ake aika. In na dawo sai ta tambaye ni launin ƙafarsu da yadda suke kuka.

Shekarar ƙuri'a ta biyu, da ake ta gardamar ko mu zauna da Nijeriya ko mu bi Kamaru, agwagin ba su zo ba. Kwana da kwanaki ina zuwa, belbela kawai nake tararwa. Dama hankalin babana a tashe yake da maganar ƙuri'ar. Ya ce ga ƙasa ba a san inda za ta faɗa ba, ga ruwa zai ƙafe, gara mu koma Borno. Kaka ba ta hana ba.

Innata kuwa 'yar Sahuda ce, uwarta na can gindin dutse. Kun san suruka ba ta ja da uwar miji. Sai dai na ga ta fara wanke ƙoranta tana jera su cikin juna.

Ranar kasuwa ƙanwar innata ta sauko da gyaɗa a ka. Da ta ji zancen sai ta yi dariya har ta sauke kayan. Da Hausarta ta mutanen dutse ta ce wa kaka, "Dada, tsuntsu yana nan fa. Mayo ne ya canja hanya da damina. Ku kuna duba gidan da ya tashi."

Washegari kaka ta ce a kai ta. Na riƙe mata sanda muka bi hanyar Sahuda, muka ratsa gonakin dawa da aka girbe, raɓa na jiƙa mana zane. Bayan wani tudu, tafiyar da ba ta kai a dafa kunu ba daga lambunmu, sai ga ruwa shimfiɗe, baƙi ƙirin da agwagi. Kaka ba ta gan su ba. Ta tsaya ta saurara, ta daɗe, sannan ta ce, "Je ki ce wa ubanki ya nemo irin albasa."

Yau gidaje sun cinye wurin, babura ke bi ta kai. Mai son ganin agwagi sai ya wuce can wajen Duvu, da sanyin safiya, ya nemi inda ruwa ya kwanta. Ni dai abin da na sani, innata ta tsufa a Mubi, kuma da uwarta ta kwanta ciwon ajali, da ƙafa ta je ta same ta da rai.