Inna da Mutanen Kumbo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta doguwar hira da ni. Haka muka saba tun ina ƙarama, gaisuwa da aike, shi ke nan. Na yi karatu na zama malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Ƙaura Namoda, na yi aure a nan. Ita kuwa tana Dauran, tana kula da gonar da Baba ya bari da ɗan lambunta na bayan gida. Sau biyu ko uku nake ganinta a shekara.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen garinmu zuwa gona, ƙannena maza suka watsu neman abin yi, aka ɗauko Inna aka kawo mini ita da akwati ɗaya da tabarmarta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai daina magana. Da safe ta shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ta zauna da carbi, in na kawo abinci ta ci loma uku ta ture kwano. Matar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu sai ta wuni tana kallon bango. Maigidana yana aiki a wani ɗakin shan magani a Shinkafi, ba kowane mako hanya take barinsa ya zo ba. Da ya gan ta ya ce jikinta lafiya lau, zuciya ce, sai mu yi haƙuri da addu'a.

Ina da wata ɗabi'a da na ɗauko tun ina kwaleji, wato kallon fina-finan kimiyya masu dogon zango, irin na sararin samaniya. Wata ƙawata ce ta fara tura mini, daga nan ban sake ba. Maigidana yakan tsokane ni, in ya shigo ya tarar da ni gaban kwamfuta sai ya tambaye ni ya mutanena na sama suka kwana. A lokacin da nake ba da labari an rufe makarantu, an kuma katse layukan waya a yankinmu, ba a iya sauko da komai sabo. Abin da ya rage mini cikin kwamfuta fim ɗaya ne, zango uku daga cikin huɗu, kuma na riga na kalle su sau biyu. Da zaman ya yi yawa na sake komawa farko. Muna da 'yar sola a kan rufi, in rana ta yi kyau batir yakan kai mu har kusan magariba.

Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta lalace, suka shiga wani ƙaton kumbo, mai girma kamar gari, suna tafiya neman wata duniyar da za su zauna. Shugabarsu mace ce mai furfura. Akwai wani mutum-mutumi da yake yi musu gyare-gyare, akwai kuma lambu a tsakiyar kumbon wanda da shi suke ci.

Wata ranar Talata da hantsi ina zaune a rumfa ina kallo, an zo inda mutanen suka taru a taga suna hangen duniyarsu tana ƙanƙancewa a bayansu. Wata tsohuwa a cikinsu ta dafa gilashin da tafin hannu. Sai na ji muryar Inna daga bayana.

"Mi ya kore su?"

Na juya. Ban san tana kallo ba. Na tsayar da fim ɗin na yi mata bayani, cewa ƙasarsu ce ta ƙi zaunuwa, ruwa ya gurɓace, iska ta gurɓace, dole suka tashi. Ta ce su ma gudun hijira suka yi ke nan. Na ce haka ne. Ta miƙe, ta jawo tabarmarta zuwa cikin rumfa, ta ce in mayar baya ta gani tun daga farko.

Daga ranar muka kama. Da mun karya kumallo sai mu zauna, ba mu tashi sai azahar. Bayan la'asar mu koma har batir ya mutu. Kashi biyar, kashi shida a rana. Da yake Inna ba ta jin Turanci, kowace magana sai na tsayar na fassara, abin da ya kamata a kalla cikin minti arba'in ya kai mu awa ɗaya da rabi. Sau biyu wake ya ƙone mini a murhu. Na biyun Inna ce da kanta ta hana ni tashi, ta ce in bari a ga ko za a buɗe wa wani yaro a fim ɗin ƙofa kafin iskarsa ta ƙare.

Sunayensu sun yi mata wuyar faɗi, sai ta raɗa musu nata. Shugabar ta zama Hajiya. Mutum-mutumin ya zama Ɗan Ƙarfe, kuma da farko ba ta yarda da shi ba, ta ce duk abin da ba ya cin abinci ba a ba shi amana. Akwai wani mataimakin Hajiya mai fara'a da yawan ladabi wanda ta kira Munafuki tun kashi na uku. Ni da na san abin da zai aikata a ƙarshen zangon, cije leɓe kawai na yi.

Tambayoyinta ba su ƙarewa. Me ya sa ba su faɗowa? Ina suke samun ruwa? Wacce ta fi damunta ita ce salla. Mutanen da rana ba ta fito musu, ba ta faɗuwa, in akwai Musulmi a cikinsu ya zai san azahar, ina kuma zai fuskanta? Na ce wannan ta fi ƙarfina. Da maigidana ya zo, ta aike ni in tambaye shi, tun da gidansu gidan malamai ne. Ya tsaya daga bakin ƙofa kansa a sunkuye, ita tana bayan labule, ni a tsakiya ina kai magana ina dawowa da ita. Ya ce a saninsa mutum yakan ƙaddara lokaci ya fuskanci inda ya iya, amma zai tambayi mahaifinsa don ya tabbatar. Da muka keɓe ya ce mini ko mene ne nake ba ta, kada in daina, don ya ga kumatunta sun fara dawowa.

A zango na biyu ne lambun kumbon ya shiga matsala. Suna da wata shuka mai yaɗo, kamar kabewa, ita ce rabin abincinsu. Ganye kore shar, fure ko'ina, amma 'ya'yan da sun ɗan fito sai su yi rawaya su zube. Masanan kumbon suka auna ruwa, suka auna ƙasa, suka canza fitilu, abin bai gyaru ba. Aka fara rage wa mutane abinci, rigima ta tashi.

Inna ta ce in tsayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Ta sa na mayar da wurin lambun sau uku.

"Wanga lambu ba shi da ƙudan zuma," ta ce. "Tun ɗazu nike dubawa, ko ƙuda ban gani ba. Kuma ba iska. Wa zai kai ma macen fure abin namiji?"

Ta ci gaba da bayani ba tare da ta dube ni ba. Ta ce kabewa fure biyu take yi, mace mai ɗan kumburi a gindi, da namiji marar komai. Wata shekara aka yi feshin maganin ƙwari a gonakin kusa da su, zuma ta ƙaurace, kabewarta ta yi ta zubar da 'ya'ya. Sai kakarta ta nuna mata yadda ake tsinko namijin da sassafe, a fige ganyen furen, a goga a cikin macen. Ta ce mutanen nan gashin kaza ɗaya ya ishe su.

Na san amsar, tun da na kalla sau biyu. Amsar ke nan, daidai. Akwatin ƙwarin da suka taho da su ya lalace ba wanda ya kula, kuma sai bayan kashi huɗu wata matashiya a cikin masanan za ta gano. Abin da nake koya wa ɗalibaina a allo da dogayen kalmomi, ga shi Inna ta faɗe shi a numfashi ɗaya. Bakina ya yi ta motsi in gaya mata, amma na danne. Na ce to, mu gani.

Washegari bayan la'asar muka kai wurin. Matashiyar ta shigo lambu da ɗan burushi a hannu, ta durƙusa, ta shafi wani fure ta kai wa wani. Ban ma fara fassara ba Inna ta gane. Ta tafa hannu sau ɗaya, ta fashe da dariya, dariya sosai har da riƙe ciki, irin wadda rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Ta kai hannu ta daki kafaɗata.

"Kin gani? Da sun tambaye ni, da ba su yi yunwar nan ba."

Na ce mata gaskiya na san haka za a yi, kuma ta riga masanan kumbo da kashi huɗu. Ta ce masu karatun nan haka suke, sai sun auna abin da ke gaban idonsu. Ranar ta cinye tuwonta tas, ta nemi ƙari.

Kwana biyu bayan haka na fito da safe na tarar tana yanka tsofaffin buhunan siminti. Ta ce in mutanen da ba su da ƙasa ko taki ɗaya sun yi lambu a cikin ƙarfe, ita da take da tsakar gida ba ta da hujja. Ta aika maƙwabta aka kawo kashin awaki, ta cuɗa da ƙasa, ta jera buhuna da fasassun bokitai a jikin katanga. Ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo da tattasai, da kabewa biyu a kusurwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk ta hana a zubar. Aikin lambu ya sa muka koma kashi ɗaya a rana, don haka kafin mu gama zango na uku katangar ta yi kore, matan unguwa sun fara leƙowa neman iri. Wadda ta zo karɓar iri takan tarar muna kallo, ta ce za ta ɗan tsaya, sai kiran salla ya tashe ta.

Zango na uku ya ƙare ne a daidai lokacin da kumbon ya sauka a wata duniya, ƙofa ta fara buɗewa, sai allo ya yi baƙi. Inna ta ce in ci gaba. Na ce iyakar abin da nake da shi ke nan, ni ma ban taɓa ganin sauran ba. Ta dube ni kamar na yi mata rowa. Ta ce ba a barin baƙi a bakin ƙofa.

Maigidana ne ya fid da mu. Ya bi rumfunan masu tura fina-finai a waya a Shinkafi ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da wani da yake da zangon cikin wata tsohuwar kwamfuta. Ya sa aka zuba masa a filashi. Mako biyu hanya ba ta biyuwa, a na uku ya biyo ayarin motoci ya iso lafiya. Kafin ya cire takalmi ya miƙo mini filashin ya ce saƙon Inna ne.

Mu tara muka kalli zangon ƙarshe, cikin kwana uku. Na ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kifa, mata suka zauna a tabarmi. Wannan karon ni da Inna daidai muke, ba wadda ta san abin da zai faru. Da Ɗan Ƙarfe ya koma cikin wuta ya fito da akwatin iri, jikinsa ya narke rabi, Inna ta ce ta janye maganarta, wannan ya fi mutane da yawa amana. Da Hajiya ta durƙusa ta damƙi ƙasar sabuwar duniyar, wata maƙwabciyarmu da ta taso daga Kurya Madaro ta rufe fuska da mayafi. Inna kuwa ta ce su ja kunyoyi kafin su shuka, ƙasar nan da gani ruwa zai kwanta a kanta.

Bayan an buɗe makarantu na roƙe ta ta biyo ni aji. Ta ƙi har sau biyu, a na uku ta yarda. Ta je da furen kabewa biyu a cikin kwano, ta tsaya gaban 'yan mata masu yawa ta nuna musu mace da namiji da yadda ake gogawa. A jarrabawar zangon karatun nan kusan duk ajin sun amsa tambayar barbarar fure daidai, har da waɗanda ba su saba ci ba.

Da aka yi suna a gidan ƙanwarta a Zurmi, Inna ta je ta kwana uku. Na ji labari daga baya cewa ta tara matan biki ta ba su labarin kumbo tun daga farko, har aka makara ɗora sanwa. Da za ta dawo, ƙanwar tata, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta ɗaura kayanta ta biyo ta, ta ce sai ta ga Ɗan Ƙarfe da idonta.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na ji ƙarar kiɗan fim tun daga zaure. Na shiga na same su a rumfa. Inna ta kunna kwamfutar da kanta, ta nemo kashi na farko, tana tsayarwa da yatsa ɗaya tana fassarawa. Na tsaya na saurara. Wasu maganganun haka suke, wasu kuma ita ta sa musu a baki, Hajiya har da ce wa mataimakinta Allah ya shirye ka. Inna Ƙarama ta juyo ta tambaye ni ko wannan mai fara'ar mutumin kirki ne. Kafin in buɗe baki Inna ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki gaya mata komi. Tahi ki tsinko kuɓewa ki ɗora miya, mu muna da sauran tahiya."

Na ajiye jakata na ɗauki kwando.