Kuka a Bakin Gado

Wani direba yana zaune a layin karɓar magani na asibiti, baya na ciwo, ido ya gaji da talabijin ɗin bango. A gefensa akwai wani tsoho, hannun rigarsa a naɗe kuma a jiƙe, idanunsa jawur, da gani ya daɗe rabonsa da barcin kirki.

A fim ɗin da ake nunawa, jarumi ya durƙusa a bakin gadon matarsa marar lafiya, yana rantsuwa zai mutu dominta. 'Yan mata biyu a kan benci sai share hawaye suke yi.

Tsohon ya ja tsaki. "Tun makon jiya yake wannan kukan, ban ga ya juya ta ko sau ɗaya ba. Bayanta zai yi gyambo yana nan yana waƙa."

"Haba Baba, fim ne fa!" in ji ɗayarsu.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya bar layin, ga shi an kusa zuwa kansa. Direban ya dubi hannayen nan, ya san sun saba ɗaga mutum.

"Baba, ba za ka tsaya ka ga ko za ta tashi ba?" in ji yarinyar.

"Tawa tana ɗaki, 'yata. Tun ɗazu a gefe ɗaya take kwance."